Bayani a kan sinadarin kabon da tsawon ran batirin mota

Batir na daga cikin kayayyakin da suka fi saurin ƙarewa a jikin mota a arewacin Najeriya, kuma yana daga cikin waɗanda farashinsu ya yi tashin gwauron zabi tun bayan faɗuwar darajar naira a shekarar 2023.

A cikin shekaru kusan 30 da suka gabata, masana kimiyya a Japan da Turai da Amurka da Ostireliya sun gano cewa ƙara sinadarin kabon a cikin farantan batir na iya jinkirta ɗaya daga cikin manyan cututtukan da ke kashe shi.

To sai dai kabon ba maganin kowace cuta ba ne. Akwai matsalolin da yake warwarewa, akwai waɗanda ba ya taɓawa, akwai ma wadda yake iya ƙara tsanantawa a ƙasa mai zafi.

Wannan bayani ya duba yadda lamarin yake, da kuma abin da yake nufi ga masu motoci a wuri irin kudancin birnin Kaduna.

Unguwar masana'antu

Ɓangaren Kaduna da ke kudu da kogi ya daɗe yana hulɗa da injuna. A Kakuri ne aka buɗe masaƙar Kaduna a shekarar 1957, sannan aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964.

A nan ne kuma kamfanin Peugeot, wanda jama'a suka fi sani da Fijo, ya fara harhaɗa motoci a shekarar 1975. Motar 504 da ya riƙa fitarwa ta zama abin hawan ma'aikatan gwamnati da direbobin haya a duk faɗin ƙasar har tsawon shekaru masu yawa.

Ko da yake manyan masaƙun sun durƙushe, sana'ar gyaran mota ba ta bar yankin ba. Kama daga Kakuri da Makera da Barnawa, har zuwa Television da Sabon Tasha, da wuya mutum ya yi tafiya mai nisa a gefen titin Kachia bai ga garejin makanikai ba, ko rumfar masu gyaran wayar mota, ko shagon masu cajin batir.

Akasarin masu motoci a waɗannan unguwanni gajeriyar tafiya suke yi a kullum. Sukan tsallaka gada zuwa wurin aiki ko kasuwa da safe, su komo da yamma, galibi cikin cunkoso.

Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da dama sun rage fita da mota, wasu ma sai ƙarshen mako suke tayar da ita.

Irin wannan amfani, kamar yadda za a gani a gaba, shi ne ya fi wahalar da batir.

Yadda batir ke aiki

Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Gaston Planté, shi ne ya ƙirƙiro batirin dalma a shekarar 1859. Shi ne batir na farko da ake iya sake yi wa caji idan ya sauka.

A 1881 wani Bafaranshen, Camille Faure, ya fito da dabarar kwaɓa garin dalma a shafa shi a jikin raga, wadda har yau ita ce tushen yadda ake yin farantan batir. Batirin ya samu gindin zama a cikin mota ne daga shekarar 1912, lokacin da kamfanin Cadillac na Amurka ya fitar da motar da ake tayarwa da lantarki a maimakon juya ƙarfe da hannu.

Batirin mota na da ɗakuna shida, kowanne yana bayar da wuta bolt 2.1, wato jimilla bolt 12.6 idan ya cika.

A kowane ɗaki akwai farantai iri biyu a jere, da shamaki a tsakaninsu don kada su taɓa juna. Farantan da ke haɗe da kan batir mai alamar tarawa an yi su ne da dalmar da ta haɗu da iskar oksijin, launinsu ruwan ƙasa mai duhu. Na ɓangaren alamar ɗebewa kuwa zallar dalma ce mai ramuka kamar soso.

Dukkansu suna nitse ne a cikin ruwan batir, wanda haɗi ne na ruwa da asid mai ƙarfi.

A duk lokacin da batir ke bayar da wuta, asid ɗin na shiga jikin farantan biyu, ya mayar da wani ɓangare na dalmarsu wani farin gishiri da ake kira salfet ɗin dalma. Shi kuma ruwan batirin sai ƙarfinsa ya ragu.

Idan injin mota ya tashi, altaneta na tura wuta cikin batirin, gishirin ya narke, dalma ta koma yadda take, asid ya koma cikin ruwa.

Muddin wannan kai-komo na tafiya daidai, batir na cikin ƙoshin lafiya.

Gishirin da ke daskarewa

Matsala na farawa ne idan batir ya jima bai samu cikakken caji ba.

Da farko ƙwayoyin salfet ƙanana ne ƙwarai, kuma suna narkewa cikin sauƙi. Amma idan aka bar su kwanaki ko makonni, ƙananan kan narke su sake taruwa a jikin manya, har su zama tsakuwoyi masu tauri.

Salfet ba ya wuce da wutar lantarki. Saboda haka manyan ƙwayoyin kan zauna a jikin faranti kamar matacciyar fata, caji ba ya iya mayar da su dalma. Duk wanda ya daskare, to an yi asarar wannan ɓangare na ƙarfin batirin kenan.

Farantan ɓangaren ɗebewa ne suka fi fama da wannan cuta. Idan ana jan wuta da ƙarfi a kai a kai ba tare da cika batirin ba, gishirin kan taru a fuskar faranti, ya toshe ramukan da asid ke bi ya shiga ciki.

Tayar da mota na jan wuta mai yawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Idan kuma motar na tsaye cikin cunkoso, injin na juyawa a hankali, ga na'urar sanyaya mota da rediyo da fitilu duk a kunne, to abin da altaneta ke bayarwa da ƙyar yake rarar da wani abu ga batir.

Bugu da ƙari, batirin dalma ba ya karɓar ƙarshen cajinsa da sauri. Tafiyar minti 15 daga Barnawa zuwa tsakiyar gari ba lallai ta cika shi ba, saɓanin tafiya daga Kaduna zuwa Abuja.

Haka batir zai yi ta zama a tsaka-tsaki, bai cika ba bai kuma sauka ba, har ranar da za a wayi gari cikin sanyin hunturu mota ta ƙi tashi sai da turi.

Yadda aka gano amfanin kabon

Kabon ba baƙo ba ne a cikin batir. Tun shekaru da dama da suka wuce masana'antu ke zuba abubuwa uku a cikin kwaɓin farantan ɗebewa, domin hana dalmar cushewa.

Na farko wani sinadari ne da ake samu daga itace a masana'antar takarda. Na biyu salfet ɗin bariyam, wanda ke samar da wurare masu yawa da gishirin dalma zai fara tsirowa, don kada ya taru wuri guda. Na uku kuwa baƙin kabon ne, wani lallausan gari mai kama da kunkunniya, wanda ake samu ta hanyar ƙona mai ba tare da isasshiyar iska ba.

Sai dai a da abin da ake zubawa na kabon ɗan kaɗan ne, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin kwaɓin ba.

Sauyi ya zo ne a shekarun 1996 da 1997, lokacin da masu bincike na kamfanin Japan Storage Battery suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan batiran motoci masu haɗa fetur da lantarki. Sun nuna cewa idan aka ninka yawan kabon sau da dama, taruwar salfet a farantan ɗebewa na raguwa ainun, batirin kuma ya ƙara daɗewa.

Wannan ya ja hankalin wata ƙungiyar bincike ta kamfanonin dalma da na batir, mai suna ALABC, wadda aka kafa a 1992, aka kuma sauya mata suna zuwa CBI a 2019. Ƙungiyar ta ɗauki nauyin bincike mai yawa a kan batun a ƙasashe daban-daban.

Daga cikin waɗanda suka yi fice a fagen akwai Farfesa Detchko Pavlov na Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Bulgeriya, da kuma Dokta Patrick Moseley na Birtaniya.

Me kabon ke yi?

Masana sun kawo hanyoyi huɗu da kabon ke taimakawa, kuma ana ganin sukan yi aiki ne tare.

Ta farko, kabon na wuce da wutar lantarki. Ƙwayoyinsa kan kewaye tsakuwoyin salfet, su zama tamkar ƙananan wayoyi da caji ke bi ya isa wuraren da da ba zai kai ba.

Ta biyu ita ce wadda Farfesa Pavlov da abokan aikinsa suka bayyana a shekarar 2009. Sun nuna cewa a lokacin caji, dalmar da ta narke daga gishirin ba a jikin dalma kawai take sauka ba, har ma a jikin kabon. Ke nan an ƙara faɗin filin da aikin ke gudana a kansa, don haka batir na karɓar caji da sauri.

Ta uku, ƙwayoyin kabon kan shiga tsakanin ƙwayoyin salfet su hana su haɗuwa su girma. Ta haka gishirin kan ci gaba da zama ƙanana masu sauƙin narkewa, ramukan faranti kuma su kasance a buɗe.

Ta huɗu, wani nau'in kabon na iya riƙe wuta a fuskarsa na ɗan lokaci, kamar yadda na'urar kafasita ke yi. Idan wuta mai ƙarfi ta shigo ko ta fita farat ɗaya, shi ne ke fara tarbarta, ya rage wa dalma nauyi.

Sirrin wannan nau'i yana ga ramukan da ke jikinsa. Giram ɗaya nasa na iya ƙunsar fili fiye da murabba'in mita 1,000 idan aka lissafa dukkan fuskokin ramukan. Wato giram bakwai kacal sun kai faɗin filin ƙwallon ƙafa.

Ire-iren batiran

Nau'o'in kabon da aka fi amfani da su uku ne: baƙin kabon, da girafayit, wato baƙin abin da ke cikin fensir, da kuma gawayin da aka sarrafa shi da tururi mai tsananin zafi har ya yi ramuka, wanda akan yi daga ɓawon kwakwa ko itace ko kwal. A 'yan shekarun nan an ƙara da wasu sababbin nau'o'i masu tsada da ake haɗawa a ɗakunan bincike.

Kowane kamfani na da nasa haɗin, amma yawanci adadin ba ya wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Idan ya yi yawa kwaɓin kan yi sako-sako, ya ƙi kama jikin raga.

Abin da ya kai wannan fasaha kasuwa shi ne dokar rage hayaƙin motoci da Tarayyar Turai ta kafa a shekarar 2009. Kamfanoni sun shiga ƙera motocin da injinsu ke mutuwa da kansa idan an tsaya a danja, ya kuma tashi da zarar direba ya ɗage ƙafa daga birki.

Irin wannan mota na iya tashi sau gommai a tafiya guda, abin da batir na gargajiya ba zai jure ba. Don haka aka fito da nau'in EFB, wanda ke da ruwa kamar na gargajiya amma an ƙarfafa farantansa, galibi da ƙarin kabon, da kuma nau'in AGM, wanda ruwansa ke jiƙe a cikin wani abu mai kama da auduga da aka yi da zaren gilashi.

Da yake da dama daga cikin motocin da ake shigowa da su Najeriya sun yi aiki a Turai ne, irin waɗannan motoci na ƙara yawa a titunan ƙasar. Duk wanda ya sa wa irinsu batir na gargajiya don neman sauƙi, to yana iya sake sayen wani ba da daɗewa ba.

Akwai kuma waɗanda suka wuce nan. Hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, ta ƙirƙiro UltraBattery, inda aka haɗa farantin dalma da na kabon a ɓangaren ɗebewa. Kamfanin Furukawa na Japan ne ya ƙera shi, kuma a farkon shekarar 2008 aka sanar da cewa wata mota ƙirar Honda Insight ta yi tafiyar mil 100,000, wato kimanin kilomita 160,000, da shi a filin gwaji na Millbrook da ke Ingila.

Wani kamfanin Amurka mai suna Axion Power ya gwada cire dalma baki ɗaya daga ɓangaren ɗebewa ya maye gurbinta da kabon. Batirin ya jure caji da sauka sosai, amma wutar da yake ɗauka ba ta kai ta saura ba, kuma kamfanin ya durƙushe a 2018.

Inda gizo ke saƙar

Akasarin binciken da aka ambata an yi shi ne domin ƙasashe masu sanyi. A Kaduna kuwa zafin rana kan kai digiri 35 ko fiye a ma'aunin Salshiyas a watannin Maris da Afrilu, kuma a ƙarƙashin bonet zafin ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Ƙa'idar da masu ƙera batir ke amfani da ita ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 na rage rayuwar batirin dalma da kusan rabi.

Zafi na kashe batir ne ta hanyoyi biyu. Yana hanzarta cinyewar ragar farantan ɓangaren tarawa, har ta rube ko ta kumbura. Yana kuma ƙafar da ruwan batir, farantai su fito fili su bushe.

Kabon ba ya taɓa matsala ta farko ko kaɗan, domin a ɗaya ɓangaren ake zuba shi.

Game da ta biyun kuwa, yana iya ƙara dagula ta. Ɗaya daga cikin kyawawan halayen dalma shi ne ba ta saurin bari ruwa ya tarwatse ya zama iskar haidurojin a lokacin caji. Kabon ba shi da wannan tsauri, musamman idan yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe. Saboda haka batir mai yawan kabon na iya shan ruwa fiye da na gargajiya, kuma zafi na ƙara azama ga hakan.

Wannan ne ya sa masana'antu ke neman kabon mai tsabta ƙwarai, wasu kuma ke ƙara wasu sinadaran da ke danne fitar iskar. Daidaita saurin karɓar caji da rage shan ruwa na daga cikin manyan abubuwan da ake ci gaba da bincike a kansu.

A taƙaice, direban hayar da ke zirga-zirga tsakanin Kaduna da Abuja ko Kafanchan, wanda batirinsa kullum a cike yake, zafi ne babban abokin gabarsa, kuma ribar da zai samu daga kabon ba ta da yawa. Ma'aikacin da ke gajeriyar tafiya, ko wanda ke ajiye mota kwanaki, shi ne zai fi cin moriyarsa.

Garin zubawa a batir

Wajibi ne a bambance tsakanin kabon da ake kwaɓawa cikin faranti a masana'anta, da kuma garuruwa ko ruwaye da ake tallatawa da sunan farfaɗo da mataccen batir.

Amfanin kabon ya dogara ne a kan kasancewarsa a cikin jikin faranti, cuɗe da dalma. Garin da aka zuba ta murfi ba ya da hanyar shiga can. Daka gawayin girki a zuba kuwa haɗari ne, domin yana ɗauke da toka da ƙarfe waɗanda ke gurɓata ruwan batir, kuma idan ya kwanta a ƙasa yana iya haɗa farantai biyu ya kashe ɗakin gaba ɗaya.

Tallan irin waɗannan magunguna tsohon abu ne. A Amurka an taɓa yin babbar taƙaddama a kan wani gari mai suna AD-X2, wanda Hukumar Ma'aunai ta ƙasar ta gwada ta ce ba ya da wani amfani.

Mai garin ya samu goyon bayan wasu 'yan siyasa, har aka tilasta wa shugaban hukumar, Allen Astin, yin murabus a shekarar 1953. Masana kimiyya sun yi ca a kan gwamnati, aka mayar da shi kan muƙaminsa, daga baya kuma wani kwamiti na Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ya tabbatar da cewa hukumar ce ke da gaskiya.

Haka nan juye ruwan batir a zuba sabon asid mai ƙarfi, wanda wasu ke yi, na iya sa batir ya nuna alamar farfaɗowa na 'yan kwanaki. Amma gishirin da ya daskare na nan daram, kuma asid mai ƙarfi na ƙara cinye raga.

Batirin mota a cikin gida

Ƙarancin wutar lantarki ya sa gidaje da shaguna da dama na haɗa batirin mota da inbata ko farantin sola, domin fitila da fanka da cajin waya.

Ba don wannan aiki aka yi batirin mota ba. Farantansa sirara ne masu yawa, domin su bayar da wuta mai ƙarfi cikin ɗan lokaci. Idan ana sauke shi ƙasa a kowane dare, kwaɓin kan zube daga jikin raga cikin watanni.

A wannan fage ne kabon ya fi nuna tasiri. Batirin sola kan shafe kwanaki bai cika ba, musamman a tsakiyar damina ko lokacin da ƙurar hunturu ta rufe rana. Saboda haka kamfanoni, musamman na China, ke ƙera manyan batira masu kaurin faranti da ƙarin kabon domin sola da turakun sadarwa.

Suna fuskantar gasa mai tsanani daga batiran litiyam, waɗanda suka fi daɗewa da rashin nauyi, farashinsu kuma ya sauka sosai a shekaru goma da suka wuce. Amma a wajen tayar da mota har yanzu dalma ce ke kan gaba, saboda araha da juriya. Hatta akasarin motoci masu amfani da lantarki zalla na ɗauke da ƙaramin batirin dalma domin fitilu da na'urorinsu.

Batun lafiya

Tsawon ran batir ba maganar aljihu ba ce kawai. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na dalmar da ake amfani da ita a duniya a batira take ƙarewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Ta fi illa ga ƙananan yara, inda take taɓa ƙwaƙwalwa ta rage basira, illar da ba ta warkewa.

Jama'ar arewacin Najeriya sun san gubar dalma tun annobar jihar Zamfara ta shekarar 2010, wadda ta hallaka yara fiye da 400. Waccan ta samo asali ne daga haƙar zinariya, amma gubar iri ɗaya ce da ta batir.

A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke wajen birnin Dakar na Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, sakamakon fasa tsofaffin batira da tace dalmarsu a tsakiyar gidaje. A Kenya kuma, wata kotu ta bayar da umarnin biyan diyya a shekarar 2020 ga mazauna unguwar Owino Uhuru ta Mombasa, waɗanda masana'antar narka batir ta gurɓata wa muhalli.

A ƙasashen da ke da tsari, kusan dukkan tsofaffin batira ake sake sarrafawa a rufaffun masana'antu. A wurare da dama na Afirka kuwa, akan fasa su da gatari, a zubar da asid a ƙasa ko a kwata, a narka dalma a fili. A shekarar 2024 Najeriya ta fitar da ƙa'idojin kula da batira, waɗanda hukumar kare muhalli ta NESREA ke da alhakin aiwatarwa.

Lissafin a bayyane yake: batirin da ya yi shekara uku a maimakon ɗaya da rabi, ya rage yawan waɗanda za a fasa da rabi.

Albarkatun cikin gida

Najeriya ta taɓa samun babbar masana'antar batirin mota a Ibadan, mai yin samfurin Exide, wadda ta rufe. A garin Nnewi na jihar Anambra kuma, rukunin kamfanonin Ibeto ya shiga ƙera batir tun ƙarshen shekarun 1980. Duk da haka, kaso mai yawa na batiran da ke kasuwa daga ƙasashen waje ake shigo da su.

Ƙasar na da dalma a ƙarƙashin ƙasa a jihohi irin su Ebonyi da Filato. A matatar mai ta Warri an gina sashen yin baƙin kabon a shekarar 1988, ko da yake matatar ta shafe shekaru tana fama da rashin aiki. A jihar Kaduna ma akwai ma'adinin girafayit a yankin Birnin Gwari.

Sai dai tsakanin ma'adinin da aka haƙo da kabon da ya dace da batir akwai aikin tacewa mai tsada, domin ɗan ɓurɓushin ƙarfe ya isa ya ɓata shi.

Abin da ke hannun mai mota

Ko da kabon ko babu, kulawa ce ke yanke hukunci a kan tsawon ran batir.

Batirin da ya huta sa'o'i ba a taɓa shi ba ya kamata ya nuna kimanin bolt 12.6 a na'urar awo. Idan ya nuna 12.2, to rabin cajinsa ya tafi, kuma yana buƙatar a kai shi wurin caji ba tare da jinkiri ba.

Idan injin na aiki, awon da ya dace shi ne tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Ƙasa da haka batir ba zai cika ba, sama da haka kuma zai riƙa tafasa yana ƙafewa. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa batir na altaneta ne ko na bel da ya saki.

Batir mai murfin buɗewa na buƙatar a riƙa duba ruwansa, musamman a bazara. Abin da ake ƙarawa shi ne tataccen ruwan da aka samu daga tururi, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ko na leda ba, saboda ma'adinan da ke cikinsu.

Motar da za ta yi makonni a ajiye, gara a cire kan batirinta na ɓangaren ɗebewa, a kuma cika shi da caji lokaci zuwa lokaci. Ɗaure batir da kyau na kare farantansa daga girgizar ramukan hanya.

Wajen saye kuwa, ranar da aka ƙera batir na da muhimmanci kamar sunan kamfaninsa. Batirin da ya shafe watanni da ruwa a cikinsa a shago mai zafi ya riga ya fara tara gishiri tun kafin a ɗora shi a mota.

Tsohon batir kuma a mayar da shi ga dillali ba tare da an fasa shi ko an zubar da ruwansa ba, kada a bar shi a tsakar gida inda yara ke wasa.